AC ya daina sanyi alhali gas cike yake: yadda ake kama sensar da ke yi wa mota ƙarya

Da zarar bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, duk wanda AC ɗin motarsa ya daina sanyi magana ɗaya yake zuwa da ita gareji: "Oga, gas ne ya ƙare, a ƙara mini." Sau da yawa gaskiyarsa ne. Amma akwai motoci da dama da gas ɗinsu cike yake, kwamfiresa, wato famfon da ke tura gas ɗin, lafiyarta ƙalau, fanka na juyawa, abin da ya hana sanyi kawai wata 'yar sensa ce da ba ta kai babban yatsa ba, tana kai wa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, rahoton ƙarya. Irin wannan mota idan aka ɗura mata gas a kan gas, an ƙara mata ciwo ne, domin gas ɗin da ya wuce kima yana ɗaga matsi, sanyi ya ragu, kwamfiresa ta sha wahala.

A motocin yanzu, maɓallin AC ba ya kunna kwamfiresa da kansa. Roƙo kawai yake aikawa. Ƙwaƙwalwar AC da ta inji su ne za su duba: matsin gas yana daidai? Ibaforeta, wato ragar da ke sanyaya iska a bayan dashbod, ba ta kusa daskarewa ba? Inji bai yi zafi ba? Iskar waje ba ta yi sanyi da yawa ba? Direba bai take totur har ƙasa ba? Sai duk amsoshin sun yi daidai sannan a ba rile (makunnin lantarki) wuta, kulocin da ke haɗa kwamfiresa da juyin inji ya kama. Kowace amsa kuwa daga bakin wata sensa take fitowa. Don haka aikin mai bincike shi ne ya auna gaskiyar abin da hannunsa, da geji (ma'aunin matsin gas) da ma'aunin zafi, sannan ya kwatanta da abin da sensar ke faɗa. Inda suka saɓa, nan ɓarawon yake.

A fara da geji, inji a kashe

Kafin a zargi kowace sensa, a ɗaura geji a bututun ƙasa (na ƙaramin matsi) da na sama (na babban matsi), mota a kashe, ta huce aƙalla rabin awa a inuwa. Allurai biyun su tsaya kusan wuri ɗaya. Da gas R134a, wanda shi ne a mafi yawan motocin da ke kan titunanmu, matsin yana bin zafin wurin: kusan 82 psi a digiri 25, kusan 97 a digiri 30, kusan 114 a digiri 35, kusan 133 a digiri 40. Idan inji na da zafi zai ɗara haka. In ka ga 20 ko 30 psi, zancen sensa bai taso ba, gas ya tsiyaye, kuma sensar da ta hana kwamfiresa tashi aikinta ta yi. A nemi inda ke yoyo.

Sai dai kada wannan lamba ta ruɗe ka. Muddin akwai ɗan ruwan gas da ya rage a ciki, geji zai nuna kusan lamba ɗaya, ko motar na da giram 500 ko giram 150. Abin da awon nan ke gaya maka shi ne matsin ya isa kwamfiresa ta tashi, ba wai gas ya cika ba. Yawan gas da sikeli ake sanin sa.

Daga nan fiyus da rile. Musanya rilen AC da wani irinsa a cikin akwatin, kamar na hon, minti ɗaya ne. Auna naɗin wayar kuloci da mita: yawanci tsakanin 3Ω da 5Ω. Duba tazarar da ke tsakanin farantin kuloci da fule (faifan da bel ke juyawa), wadda a galibin motoci ba ta wuce 0.3 zuwa 0.6 na milimita. Idan tazarar ta buɗe, kuloci zai kama da safe, ya saki idan ya ɗau zafi, kuma wannan alama tana kama da ta lalatacciyar sensa ƙwarai. Bambancin: a nan wuta 12V tana isa soket ɗin kwamfiresa amma ba ta kama ba. Idan sensa ce ta hana, wutar ma ba za ta zo ba.

A lura, motoci da yawa na baya-bayan nan kwamfiresarsu ba ta da kuloci sam, ko tana da shi amma bawul ɗin lantarki da ke jikinta ne ke ƙara ko rage ƙarfin tura gas. A irin waɗannan ganin tsakiyar fule na juyawa ba ya nufin tana aiki. Geji ne zai faɗa: in allurai biyu sun ƙi rabuwa bayan an kunna AC, ba ta turawa.

Sensar matsi

Ita ce ta fi ba da wahala, don haka za mu daɗe a kanta. Tana kan siririn bututun da ke fitowa daga kondensa (ragar da ke gaban lagireto, inda gas ke hucewa), sau da yawa kusa da fitilar gaba, wurin da ruwan wankin inji da ƙura da zafi duk suke samun ta. Iri uku ake gani, kuma ƙirga wayoyinta shi ne matakin farko.

Mai waya biyu makunni ce kawai. A yawancin Toyota da Honda na da, tana yanke wuta idan matsi ya faɗi ƙasa da kusan 28 psi ko ya haura kusan 455 psi. Tsakanin nan dole ta kasance a haɗe. Idan geji ya nuna 100 psi amma mita ta nuna babu haɗi tsakanin ƙafafunta biyu, ta mutu. Mai waya huɗu haka take, sai dai an ƙara mata wani makunni na biyu da ke fara aiki a kusan 220 psi don ya sa fanka ta ƙara gudu. Idan wannan ɓangaren ne ya lalace, alamar ita ce: a kan babban titi sanyi kamar firji, amma da an shiga cunkoso ko an tsaya a danja sai iska ta ɗumame, kwamfiresa ta riƙa yankewa. Dalili, fanka ba ta tashi da ƙarfi ba, matsi ya hau har ya kai iyaka. Kafin ka ɗora mata laifi, wanke kondensa. Ƙurar hunturu da ƙwari da ledoji suna toshe ta su ba da wannan alamar sak.

Mai waya uku ita ce ainihin sensa. Waya ɗaya tana kawo mata 5V daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ƙasa ce, wato mara wuta, ta uku kuma ita ke mayar da rahoto, daga kusan rabin bolt a ƙaramin matsi zuwa kusan 4.5V a babban matsi. Ga yadda ake gwada ta. Buɗe makulli ba tare da tada inji ba, soket a jone, ka soka siririyar allura ta bayan soket ɗin. Kada ka huda rigar waya, domin ta wannan hujin ruwa zai shiga ya ci tagullar daga baya. Wayar wuta ta ba ka 5V, ko kusa ƙwarai. Tsakanin wayar ƙasa da kan batir mara wuta kada ya wuce 0.1V. Wayar rahoto kuwa, idan geji na nuna 100 zuwa 130 psi, a yawancin motoci za ka ga tsakanin 1V da 1.8V. Ka ga sifili ko ka ga kusan 5V, akwai matsala. Amma tsaya, matsalar ba lallai a jikin sensar take ba. Idan 5V bai zo ba, waya ce ta yanke ko ƙwaƙwalwa. Idan ƙasa ce ta yanke, rahoton zai hau sama, ƙwaƙwalwa ta ɗauka matsi ya kai maƙura, ta kashe kwamfiresa, ta saki fanka da cikakken gudu. Motar da fankarta ke ruri da zarar an tada ta da sassafe, AC kuma ya ƙi kamawa, a fara duba nan.

A ganina kafin a sayi sabuwa a cire soket a leƙa cikinsa da tocila. Kore-koren tsatsa a ƙafafun, ƙafar da ta saki ba ta riƙewa, wayar da ɓera ya ci, ko man kwamfiresa da ya biyo ta cikin sensar ya cika soket, duk ana gani. Na ƙarshen nan yana nufin sensar ta fashe ta ciki, sai canji. Sauran kuwa gyaran waya ne, kuma sabuwar sensa ba za ta magance su ba. Idan matsalar mai zuwa ce tana tafiya, bar mita a jone ka riƙa girgiza wayoyin da hannu kana kallon lamba. Inda ta yi tsalle, nan karayar take.

Wanda ke da na'urar sikanin da ke nuna bayanai kai tsaye, aikinsa ya fi sauƙi: ya karanta matsin da ƙwaƙwalwa ke gani, ya dubi allurar gejin sama. Bambancin 10 ko 15 psi ba komai ba ne. Geji na cewa 110, kwamfuta na cewa 20 ko 400, an kama ta. Lambobin kuskuren da ke rakiyar wannan su ne P0530 zuwa P0533, inda P0532 ke nufin rahoto ya yi ƙasa, P0533 kuma ya yi sama. Sai dai sensar da ta karkace kaɗan, tana ba da lambar da ke cikin iyaka amma ba ta gaskiya ba, ba ta haifar da lambar kuskure ko ɗaya. Shi ya sa "an sa mata kwamfuta ba ta nuna komai ba" ba hujja ba ce.

Abu biyu kuma. A wasu motoci wannan 5V ɗin sensoshi da yawa ke sha daga gare shi, har da na totur. Idan sensar matsi ta haɗe ta ciki, za ta janye wutar duka, mota ta riƙa mutuwa ko ta ƙi tashi gaba ɗaya, da an zare soket ɗinta kuma sai ta tashi. Sannan Volkswagen da Audi da yawa sensarsu mai waya uku 12V take sha, rahotonta kuma bugun wuta ne mai kunnawa da kashewa, ba bolt tsayayye ba. Wanda ya auna ta da lissafin Toyota zai jefar da lafiyayya.

Batun haɗa waya kai tsaye, wanda rewaya da yawa ke yi: makunni mai waya biyu ana iya gada shi, wato a haɗa wayoyinsa biyu da juna, na 'yan daƙiƙu don gwaji, bayan geji ya tabbatar akwai gas. Mai waya uku ba a gada ta ko na ƙiftawar ido, domin haɗa 5V da ƙasa na iya ƙona ƙwaƙwalwar mota. Barin gadar a matsayin gyara kuwa, ko janyo wa kwamfiresa wuta daga batir ta wani makunni a dashbod, sayen sabuwar kwamfiresa ne a kan bashi. Man da ke shafe cikinta gas ne ke yawo da shi. Ranar da gas ya tsiyaye babu mai tsayar da ita, za ta yi ta juyawa a bushe har ta cinye kanta, garin ƙarfenta ya bazu cikin kondensa da bawul. Ranar da fanka ta mutu kuma, matsi zai hau har tiyo ya fashe.

Sensar ibaforeta

Wannan 'yar sanda ce da ake sokawa tsakanin haƙarƙarin ibaforeta ko a ajiye dab da ita, a cikin akwatin da ke bayan dashbod. Aikinta hana ƙanƙara: idan sanyi ya sauko kusan digiri 3 ta sa a saki kwamfiresa, ya ɗan hau ta sa a sake kamawa. Turjiyarta, wato abin da mita ke aunawa da Ω, tana hawa idan ta yi sanyi, tana sauka idan ta yi zafi. A Toyota da yawa kusan 4.6 zuwa 5.1 kΩ ne a digiri 0, kusan 2.1 zuwa 2.6 kΩ a digiri 15. Wasu kamfanonin lambobinsu daban ne nesa ba kusa ba, don haka a nemi jadawalin motar.

Wanda ya riƙe wannan ɗabi'ar tata zai gane alamunta biyu. Tsatsa a soket ko wayar da ta kusa yankewa tana ƙara turjiya, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ibaforeta ta daskare, sai ta riƙa yanke kwamfiresa tun kafin mota ta yi sanyi, ko ta hana ta tashi ɗungum. Geji zai nuna komai daidai a 'yan daƙiƙun da take aiki. Akasin haka, idan sensar ta zame daga mazauninta, abin da ke yawan faruwa bayan an sauke dashbod an canza ibaforeta, za ta riƙa jin iska mai ɗumi, kwamfiresa ba za ta huta ba, ƙanƙara ta rufe ibaforeta. Direba zai ce da ya kama hanyar Kano zuwa Zariya sanyi ya yi daɗi, bayan minti ashirin ko talatin iska ta fara raguwa alhali yana jin ƙarar fankar ciki, da ya kashe AC na ɗan lokaci sai ta dawo, ruwa kuma ya kwarara ƙarƙashin mota. Da damina aka fi ganin wannan, saboda iska na ɗauke da laima. Da hunturu iskar ta bushe, lalurar na iya ɓuya wata da watanni.

Kada a rikita shi da danshin da ke cikin bututu, wanda ke daskarewa a bakin bawul ɗin da ke fesa gas cikin ibaforeta. Shi ma sanyi yana ɗaukewa ya dawo, amma ƙarfin iska ba ya raguwa, kuma allurar ƙasa tana faɗawa har ƙasa da sifili. Matatar iskar cikin mota da ƙura ta toshe ita ma tana jawo ƙanƙara, a zaro ta a duba, yawanci tana bayan akwatin gaban fasinja.

Gwajin sensar a waje ba wuya: kofi, ƙanƙara da ruwa, ma'aunin zafi. Tsoma kanta kawai, ban da soket, ka karanta. Sannan ka riƙe ta a tafin hannu ka ga lamba na sauka a hankali ba tare da tsalle ba.

Akwai wata dabara da ta fi wannan sauri, kuma ta shafi duk sensoshin zafi. Motar da ta kwana ba a tada ta ba, komai na jikinta zafinsa ɗaya. Da sassafe, kafin rana ta taɓa ta, buɗe makulli ka karanta a na'ura: ruwan inji, iskar da inji ke shaƙa, iskar waje, cikin mota, ibaforeta. Duk su kasance tsakanin digiri biyu zuwa uku da juna. Wadda ta ware daga 'yan uwanta ita ce maƙaryaciya. Wadda ta nuna -40 kuwa, wayarta a yanke take ko an zare ta.

Sauran

Sensar iskar waje tana bayan bamba, gaban kondensa. Motar da AC ɗinta ya mutu bayan ta dawo daga wurin mai gyaran jiki, a fara leƙa nan, domin sau da yawa soket ɗin na reto ko an bar sensar a jikin tsohon bamba. Ƙwaƙwalwa na ganin tsananin sanyi, ita kuwa an tsara ta kada ta tada kwamfiresa idan waje ya kusa daskarewa. A Toyota kusan 1.6 zuwa 1.8 kΩ take bayarwa a digiri 25. Bayan an gyara, lambar da ke dashbod ba ta daidaita nan take, sai an ɗan yi tafiya.

Sensar ruwan inji tana ba da kusan 2 zuwa 3 kΩ a digiri 20, kusan 300Ω a digiri 80. Idan ta yi ƙaryar zafi, ƙwaƙwalwa za ta sadaukar da AC don ta ceci inji. Amma a auna zafin tiyon lagireto na sama tukuna, kada ya zama gaskiya take faɗa, a canza ta a bar inji yana dahuwa.

Motoci masu AUTO suna da ƙarin biyu. Ta cikin mota tana bayan wata 'yar taga mai raga kusa da sitiyari, ana zuƙo mata iska. Ɗora ɗan yankin tishu a ragar, fanka na aiki: in bai manne ba, ƙura ta toshe ko tiyon ya cire. Ta rana kuma ɗan ƙwallo ce a saman dashbod dab da gilashi, kuma kafet ɗin da muke shimfiɗawa a dashbod ya kan rufe ta ruf, mota ta ɗauka dare ne da tsakar rana. Waɗannan biyun ba sa kashe kwamfiresa, sanyin kawai suke ragewa. Saukar da zafi zuwa LO: in sanyi ya dawo sosai, gas da kwamfiresa ba su da laifi.

Masu Toyota da Lexus da fitilar maɓallin AC ke ƙiftawa: a jikin kwamfiresa akwai sensar da ke ƙirga juyawarta, ana kwatantawa da na inji. In sun saɓa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka kwamfiresa ta cije, ta saki kuloci don kada bel ya tsinke. Bel da ya saki, ko ya jiƙe bayan an ratsa ruwa, ko rilen kuloci da ya gaji, duk suna jawo haka. A da yawa daga cikin masu AUTO, idan ka danne AUTO da maɓallin juya iskar ciki tare sannan ka buɗe makulli, allon zai nuna lambobi: 11 ta cikin mota, 12 ta waje, 13 ibaforeta, 21 ta rana, 22 juyawar kwamfiresa, 23 matsi. Lamba 21 tana fitowa idan an yi gwajin a cikin rumfa ko da dare, ba lalacewa ba ce. A wasu na baya-bayan nan akwai B1479, sensar kwararar gas da ke jikin kwamfiresa, wadda kan sa a yanke wa lafiyayyar kwamfiresa hukunci.

Idan kuma babban bututu ya yi sanyi har yana gumi amma iska mai ɗumi ke fitowa, ko gefen direba da na fasinja sun bambanta sosai, a duba ƙofar da ke gauraya iskar hita da ɗan motar da ke juya ta. Gas da ya yi ƙaranci ma yana sa gefe ɗaya ya fi ɗaya sanyi, don haka geji ne zai raba gardama.

Wajen canji

A sayi sensa da lambar da ke jikin tsohuwar, ba da kamanni ba. A Kofar Ruwa ko Panteka za ka sami biyu masu soket ɗaya da zare ɗaya amma lissafinsu daban. Ta Beljiyam ta asali sau da yawa ta fi sabuwa mara suna, kuma sensar zafi ana iya auna ta da mita a gaban mai shago.

Wasu motoci akwai ɗan bawul ƙarƙashin sensar matsi da ke riƙe gas idan an kwance ta. Motocin Japan da yawa ba su da shi, don haka a ɗauka babu har sai an tabbatar, a janye gas tukuna. Ruwan gas yana ƙona fata da sanyi, yana makantar da ido. A sa sabon zoben roba na AC, a shafa masa ɗan man kwamfiresa, a ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba, domin zaren alminiyom ne. In an buɗe bututu, injin zuƙe iska ya yi aƙalla minti 30, a rufe a ga allura ba ta motsa ba, sannan a zuba gas da sikeli gwargwadon takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, wanda a ƙananan motoci yawanci giram 450 zuwa 600 ne. A karanta nau'in gas a takardar, domin sababbin motocin Turai da Amurka R1234yf suke sha, bakin bututunsu ma daban ne.

Bayan nan a goge lambobin kuskure, a riƙe inji a juyi 1,500, fanka a ƙarshe, sanyi a ƙarshe. A ma'aunin Toyota, idan iskar da ke shiga tana digiri 30 zuwa 35, allurar ƙasa ta zauna tsakanin 22 da 36 psi, ta sama tsakanin 200 da 230. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri duka biyun za su ɗara haka. Sannan a fita da motar tafiyar minti talatin, ma'aunin zafi a soke a tagar iska ta tsakiya, a kuma tsaya minti goma inji na silo a ga ko fanka na ƙara gudu lokacin da allurar sama ta hau.